Dokar Ƙafa Shida: Yadda A Ke Jera Soket Daga Bakin Ƙofa

Ko wane abu mai aiki da lantarki yana da wayarsa. Fitila tana da ita. Fanka da rediyo da dutsen guga duk suna da ita. A ƙarshen wayar akwai wani abu mai haƙora biyu ko uku, shi a ke kira fulogi. A jikin bango kuma akwai wurin da a ke cusa haƙoran nan, shi ne soket. Sai fulogi ya shiga soket sa'an nan wuta ta ke samun hanya.

To, a ina ya kamata a sa soket cikin ɗaki? Guda nawa kuma za a sa? Wani zai ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, inda mai gida ya nuna nan za a sa. Amma akwai ƙasar da ba a bar wa mai gida shi kaɗai wannan zaɓi ba. Ƙasar nan ita ce Amurka. A can doka ce ta ke faɗin inda soket zai zauna. Da awo a ke yi, awon kuwa daga bakin ƙofa ya ke farawa.

Asalin dokar

A shekarar 1882 wani mutum mai suna Thomas Edison ya kafa injin wuta a birnin New York, ya soma raba wa gidaje da kantuna lantarki. Gidajen Amurka kuwa da yawa na katako ne. Katako da wuta ba su ga maciji da juna. Tun ba a je ko ina ba masu inshora, watau kamfanonin da ke biyan diyya in gida ya ƙone, suka ga lalle sai an yi wa aikin waya ƙa'ida. Wannan ya rubuta tasa, wancan ya rubuta tasa. Ma'aikaci ya rasa wadda zai bi.

Sai aka taru aka daidaita. A 1897 aka fito da littafi guda na dokokin aikin lantarki. A taƙaice suna kiransa NEC. Tun 1911 wata ƙungiya ta masu rigakafin gobara, mai suna NFPA, ita ce ke riƙe da shi. Ko wace shekara 3 a kan sake duba shi, a gyara, a ƙara, a buga sabo. An buga a 2017, an buga a 2020, an buga a 2023. Littafin ba ya zama doka a wuri sai jiha ko gari ya karɓe shi. Saboda haka za ka iske wata jiha tana aiki da sabon bugu, maƙwabciyarta kuwa tana kan na baya.

Da fari don fitila kaɗai a ke kai wuta gida. Wanda ya sayi dutsen guga sai ya kwance ƙwan fitila, ya murɗa wayar dutsen a gurbinsa. A 1904 wani Harvey Hubbell ya sami takardar shaidar ƙirƙiro fulogin da a ke cusawa a zare. Daga nan kayan lantarki suka yi ta yawa cikin gidaje, soket kuwa bai yi yawa ba. Ɗaki guda, soket guda. Mutane suka shiga jona waya da waya don su kai wuta inda su ke so. Wannan jone-jone shi dokar ta zo ta hana.

Abin da dokar ta ce

A bugun 2023 maganar tana cikin sashe mai lamba 210.52. Ga ma'anarta. Ka bi gindin bango, inda bango ya haɗu da daɓe. Duk inda ka tsaya a jikin bangon nan, kada soket mafi kusa da kai ya wuce ƙafa 6. A falo haka ne, a ɗakin kwana haka ne, a ɗakin cin abinci da ɗakin karatu ma haka ne.

Ƙafa 6 yadi 2 ke nan. Da awon zamani mita 1 da santimita 80. In ba ka da abin awo, ka tuna da yadda masu haƙar rijiya ke auna zurfi. Dogon mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, gaba ɗaya ke nan. Gabar dogon mutum kusan ƙafa 6 ce.

Me ya sa 6, ba 5 ba, ba 10 ba? Domin wayar fitilar tebur da irin su a can, yawanci tsawonta kamar ƙafa 6 ne.

Ku dubi akuya a turke. Iyakar inda igiyarta ta kai, nan ne iyakar kiwonta. Soket turke ne, fitila akuya ce, waya kuwa igiya. In ka kafa turke biyu a gindin katanga, kana so awakin su cinye ciyawar tsakani duka, yaya za ka yi? Wannan tana da igiya gaba ɗaya, waccan ma gaba ɗaya. Ashe tsakanin turke da turke kada ya wuce gaba biyu. Haka ya ke ga soket. Daga wannan zuwa na gaba kada a wuce ƙafa 12. Wanda ya tsaya a tsakiya cif, ƙafa 6 ne zuwa na dama, ƙafa 6 zuwa na hagu.

Ku lura, ba a yanke ta tsakar ɗaki wajen awon. Bango a ke bi. In an zo kusurwa sai a karya a ci gaba da ƙirga. Kusurwa ba ta tsai da lissafi.

Ƙofa ita ke tsai da shi

Nan ne zuciyar maganar. In kana bin bango kana ƙirga ka zo ƙofa, lissafinka ya ƙare. Ka ƙetare ƙofar, ka fara sabo daga ɗaya gefen. Soket na farko kada ya wuce ƙafa 6 daga bakin ƙofar. Haka ta dama, haka ta hagu.

A ce akwai soket dab da ƙofa ta gefen dama. Faɗin ƙofar ƙafa 3 ne kurum. Mai gini zai so ya ce, ai soket ɗin nan ya isa ya ba bangon hagu wuta, tun da ga shi nan kusa. Doka ta ce a'a. Ko da taku ɗaya ne tsakani, soket na wannan gefe ba ya lissafuwa ga bangon wancan gefe. Dalili kuwa a fili ya ke. In fitila tana hagu soket yana dama, ta ina waya za ta bi? Sai ta gitta bakin ƙofa.

Waya a bakin ƙofa mugun abu ce, kuma ba ta nuna muguntarta ran farko. Abin da kowa ya fara tunawa shi ne tuntuɓe. Tsohuwa ta fito da dare, ko mace ta shigo da tukunya mai zafi, ƙafa ta harɗe. Wannan kaɗai ya isa. Amma akwai wanda ya fi shi, shi kuwa ba a ganinsa.

In ka feɗe wayar fitila za ka ga roba a waje. A ciki akwai siraran zaren jan ƙarfe da yawa, an murɗe su tare kamar igiyar rama. Ta cikinsu wuta ke bi. Yau a taka, gobe a taka, jibi ƙyaure ya matse. Zaren nan su riƙa tsinkewa ɗaya ɗaya, roba kuwa tana nan lafiya a ido. Wutar da dā zare da yawa ke ɗauka, yanzu 'yan kaɗan da suka rage su ke ɗauke da ita duka. Kun ga ranar kasuwa in jama'a suka matsu a ƙaramar ƙofa, yadda a ke gumi. Haka wurin nan ya ke ɗaukar zafi. Zafi ya narkar da roba. Zare ya taɓa zare, tartsatsi ya tashi.

Wani don gudun tuntuɓe sai ya shimfiɗa tabarma ko darduma a kan wayar. Ya yi maganin ƙaramar cuta ya sayo babba. Zafin da dā iska ke kwashewa yanzu ya sami murfi. Ga kuma abin ci an ajiye wa wuta a bakinta. Sa'an nan ku tuna inda abin ya ke. A ƙofa ne. In wuta ta tashi a nan, ta tare hanyar da mutanen ɗakin za su bi su fita.

Don haka littafin bai tsaya ga tazarar soket kaɗai ba. A wani sashe ya hana a bi da waya mai lanƙwasa ta ƙofa ko ta taga. Ya hana a huda bango a zura ta. Ya hana a mai da ita madadin wayar gini. Amma masu dokar sun san halin ɗan Adam. In ka hana mutum jona waya alhali ba ka ba shi soket kusa ba, zai jona ne da zarar ka juya baya. Shi ya sa suka fara da ba shi soket. A ganina wannan ita ce hikimar dokar duka.

Ba ƙofa kaɗai ke yanke bango ba. Duk wata mashiga da mutum ke wucewa ta ciki, ko ba ta da ƙyaure, tana yankewa. Murhun jin ɗumi da su ke ginawa a jikin bango saboda sanyin ƙasarsu, shi ma yana yankewa. Haka kabad da aka kafe daga ƙasa, irin wanda ba shi da saman da a ke aiki a kai.

Taga fa? Taga ba ta yankewa. A ƙarƙashinta akwai bango, kuma a gindin bango a ke awo. Sai a wuce ta ƙarƙashinta a ci gaba da ƙirga.

Guntun bango, da bayan ƙyaure

Wani lokaci ƙofofi biyu su kan zo kusa da juna, ya rage ɗan guntun bango a tsakani. Ƙofar shigowa ke nan, ga ta ɗakin ajiyar tufafi a gefenta. Shin wannan guntu yana bukatar soket nasa? Sai a auna. In faɗinsa ya kai ƙafa 2, watau santimita 60, bango ne cikakke a wurin doka, sai an sa masa. In bai kai ba, an yafe. Ƙafa 2 ta isa a ajiye ɗan tebur, ɗan tebur kuwa ba ya daɗewa bai sami fitila ba.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu gini da masu duba aiki. Ita ce ta bangon da ke bayan ƙyaure. In an buɗe ƙofa, ƙyaure ya kan kwanta a jikin bango ya rufe shi. Mai gini ya ce, wa zai ajiye kaya a nan? Bari in fara ƙirga daga inda ƙyauren ya ƙare. Amma dokar ba ta cire wannan wuri ba. Daga bakin ƙofa a ke fara awo, ko ƙyaure yana rufe wurin ko ba ya rufewa. Ƙyaure ba kullum ya ke buɗe ba. Gobe kuma mai gida yana iya juya shi ya buɗe ta ɗaya gefen, ko ya cire shi ɗungum. Bangon kuwa yana nan.

Sai ƙofar gilashi mai zamewa. Ita fai-fai biyu ce. Ɗaya a kafe ya ke, ɗaya yana zamewa gefe. Wanda ke zamewa ƙofa ne. Wanda ke kafe kuwa bango ne a lissafi, ko da ya ke gilashi ne. Ba a iya huda gilashi a sa soket. Saboda haka sai a sa shi dab da gefen gilashin, ko a binne shi cikin daɓe. Na cikin daɓe ba ya shiga lissafi sai in yana kusa da bango, bai wuce inci 18 ba. Inci 18 kamar kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Wanda aka ɗaga sama ƙwarai shi ma ba ya lissafuwa. In ya wuce ƙafa 5 da rabi daga ƙasa, kamar wanda a ke sa wa agogon bango ko talabijin, to, ƙari ne kurum. Wayar fitila za ta ƙare wajen hawa, ba ta kai ko ina ba.

Dokar ba ta faɗi iyakar kusancin soket da ƙofa ba. Nisa kaɗai ta hana. In kana so ka sa shi taƙi ɗaya daga ƙofa, ba laifi. In kana so ka sa fiye da yadda aka ce, babu mai hana ka.

Bari mu yi lissafi

Ko wane soket yana riƙe da bango ƙafa 12, watau 6 ta dama, 6 ta hagu. Ku riƙe wannan.

Ga ɗaki, tsawonsa ƙafa 14, faɗinsa ƙafa 12. Kewayensa 14 da 12 da 14 da 12, ƙafa 52 ke nan. Yana da ƙofa guda mai faɗin ƙafa 3. A ɗebe 3 daga 52, saura 49. Soket 4 suna riƙe da ƙafa 48. Saura ƙafa 1 ba mai riƙe da ita. Saboda wannan ƙafa ɗaya tak sai an ƙara na biyar. Mai duba aiki ba ya cewa ai kaɗan ne.

Ga wani kuma. Tsawo 12, faɗi 12, kewaye 48. Ƙofa guda mai ƙafa 3, saura 45. Soket 4 sun isa. To, a huda masa ƙofa ta biyu, ita ma ƙafa 3, a bar ƙafa 3 na bango tsakanin ƙofofin. Yanzu bango ya koma 42, amma ya rabu biyu. Ga guntu mai ƙafa 3, ga dogo mai ƙafa 39. Soket 3 ƙafa 36 kurum su ke riƙewa, saboda haka dogon yana son 4. Guntun ya wuce ƙafa 2, yana son nasa 1. Duka 5. Kun gani? Bango ya ragu, soket ya ƙaru. Aikin ƙofa ke nan.

Sauran wurare suna da nasu awo. Doguwar hanyar cikin gida wadda ɗakuna ke buɗewa a cikinta, in ta kai ƙafa 10, a sa mata ko guda ɗaya. Ɗakin shiga, mai kama da zaure a wurinmu, in ya fi murabba'in ƙafa 60, kamar mai 8 da 8, ko wane bango nasa da ya kai ƙafa 3 a sa masa. A kan teburin girki an ƙara matsewa, ƙafa 2 maimakon 6. Da gangan a ke gajarta wayar butar shayi da irinta, don kada ta yi lilo yaro ya jawo ruwan zafi a kansa.

A yawancin garuruwansu, mai sabon gini sai ya karɓi izni kafin a fara aikin waya. Mai duba aiki ya kan zo tun ba a rufe bango ba, da abin awonsa a hannu. In ya iske kuskure, a gyara ya sake dawowa. Tsohon gida kuwa ba a kan tilasta masa ba, sai ran da aka tashi yi masa babban gyara.

Mu fa?

Dokar nan ta Amurka ce, ba tamu ba. Kayan wutarmu ma dabam su ke. A Nijeriya tsarin Ingila muka gada, fulogi mai haƙora uku masu kusurwa, wanda aka fito da shi a can a 1947. A Nijar kuwa na Faransa ne, mai haƙora mulmulallu. Ƙa'idar Ingila ba ta ƙirga ƙafa irin ta Amurka ba. Cewa ta yi a sa soket inda wayar kayan za ta kai ba wahala. Manufa ɗaya ce, Amurka dai ta sa mata lamba.

Ƙarfin wutar ma ba ɗaya ba ne. A soket na ɗakunan Amurka bolt 120 ne. Namu bolt 230. Wanda ya sayi kayan gwanjo daga can, ya karanta rubutun da ke jikinsa kafin ya jona. In an rubuta 120 kaɗai, wutarmu za ta ƙone shi.

Soket irin namu yana da 'yan ƙyamare a ciki masu rufe ramuka biyu na ƙasa. Haƙorin sama na fulogi ya fi sauran tsawo, shi ke fara shiga ya buɗe su. An yi haka don yara masu cusa ƙusa. Amurka sai a bugun 2008 ta wajabta irin wannan kariya a gidaje. Mu da muka daɗe da ita kuwa, sai ka ga babba ya sa tsinke ko makulli a ramin sama, ya danne ƙyauren, ya tura tsirarar waya. Yaro yana tsaye yana kallo. Abin da ya gani shi zai gwada.

Yanzu wuta tana shiga ƙauyuka, wani wuri ta turaku, wani wuri ta hasken rana. Mai gida ya kan ce a sa masa soket guda don rage kuɗi. Bayan wata biyu an sayi fanka, an sayi rediyo, ga wayoyin hannu na gida duka suna jiran caji. Sai a sayo 'yar siririyar wayar ƙari a kasuwa, a ja ta daga ɗaki zuwa ɗaki, ta ƙarƙashin ƙyaure, wani lokaci ma ta jikin zana. Araha ba ta ado. Kuɗin soket uku ko huɗu bai kai kuɗin jinka ɗaya ba, balle kayan ɗaki.

Ran da za a sa muku wuta, ku nemi wanda ya koyi aikin. A Nijeriya hukumar NEMSA, wadda aka yi dokar kafa ta a 2015, tana ba masu aikin waya takardar shaida. Ku tambaye shi ya nuna tasa. Kafin ya zo, ku yanki igiya gaba ɗaya. Ku riƙe bakinta a gefen ƙofa, ku miƙe ta a gindin bango. Inda ta ƙare ku sa alama da gawayi. Daga nan ku auna igiya biyu, ku sake sa alama, har ku zagayo. Alamar ƙarshe kada ta fi igiya ɗaya nisa da ɗaya gefen ƙofar. In ɗakin zagayayye ne, ba shi da kusurwa, haka dai za ku bi da igiyar a jikin bango.